Dattijon da ke dukan masu yi masa wanka da ma'aikaciyar da ta fara yi masa tsawa

Wata baiwar Allah da ke shugabantar wani ƙaramin gidan kula da tsofaffi a Jos ta rubuto tana cewa akwai wani dattijo a gidansu, wanda shekarunsa sun haura 80 kuma yake fama da ciwon mantuwa, da ya fara kai wa ma'aikata duka da sandarsa a duk lokacin da aka zo yi masa wanka, har ya ciji ɗaya daga cikinsu a hannu. Akwai kuma wata tsohuwa da ke zagin ma'aikatan tana kiransu ɓarayi. Mutum uku sun ajiye aiki cikin shekara guda, ita kuma ma'aikaciyar da ta fi kowa daɗewa da iya aiki ta koma mai tsawa da ɗaure fuska, har an ji ta ce wa dattijon idan ya sake dukanta za ta rama. Tana tambaya ko ta nemi a riƙa yi masa allurar barci, ko ta mayar da shi hannun 'ya'yansa, ko kuwa ta sallami ma'aikaciyar.

Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa kafin na koma duba tsofaffi a nan Jos, saboda haka abin da kika bayyana ba baƙo ba ne a wurina. Shawarata ita ce kada ki yanke ko ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan uku a wannan makon, domin dukan da dattijon yake yi da tsawar da ma'aikaciyar take yi suna ciyar da juna ne, kuma idan kika cire mutum ɗaya kika bar tsarin aikin yadda yake, wanda ya maye gurbinsa zai zo ya tarar da abin da ya kori na farko.

Tambayar farko da zan yi miki game da dattijon ita ce yaushe abin ya fara. Ciwon mantuwa, wanda mutanenmu suka fi sani da gigin tsufa, a hankali yake cin mutum cikin watanni da shekaru. Idan kuwa mutum yana zaune lafiya a makon jiya, sai ga shi a wannan makon yana duka, yana sambatu, yana kwana ido biyu, ko yana ganin abin da babu, to mafi yawanci wata cuta ce ta jiki ta hau kan tsohuwar larurar ta ruɗa shi, kuma irin wannan ruɗewa ta farat ɗaya tana buƙatar likita a ranar. Abubuwan da suka fi jawo ta a wurinmu su ne zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyin cuta a mafitsara, nimoniya, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida na kwanaki, saukar suga ga mai shan maganin ciwon suga, da toshewar fitsari wadda takan sami tsofaffin maza. Tsoho yakan kamu da nimoniya jikinsa bai yi zafi ba, bai kuma yi tari mai yawa ba, sai dai a ga halinsa ya canza. Na taɓa ganin wani dattijo da aka yi kwana biyu ana tunanin ɗaure shi saboda faɗa, ashe mafitsararsa ce ta cika fitsari ya ƙi fita. Da aka sa masa roba fitsarin ya zuba, kafin la'asar yana zaune yana gaishe da mutane. Ki kai Baba asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko wani asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa, ki tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da waɗanda 'ya'yansa suke kawo masa daga kemis, domin tiramadol da Piriton da magungunan barci suna cikin masu ruɗa tsofaffi.

Bayan wannan sai ciwo, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da shi. Mutumin da kalmomi suka guje masa ba zai iya cewa gwiwata tana ciwo ba, amma idan aka ɗaga ƙafar da amosanin gaɓɓai ya ci, hannunsa zai amsa. A shekarar 2011 an wallafa wani bincike da aka yi a gidajen tsofaffi na ƙasar Norwe a kan mutum 352 masu ciwon mantuwa da ke yawan tayar da hankali. An raba su kashi biyu, aka riƙa ba kashi ɗaya maganin ciwo a kan ƙa'ida har mako takwas, yawancinsu farasitamol kawai, sai aka ga tashin hankalinsu ya ragu fiye da na ɗaya kashin, kuma da aka daina maganin abin ya fara dawowa. Ki roƙi likita ya duba haƙoransa da bayansa da ƙugunsa, ya duba ko akwai gyambon kwanciya, sa'annan ya ce ko za a riƙa ba shi farasitamol kamar rabin awa kafin wanka. Kada a kama ba shi dikulofenak ko ibufurofen kullum ba da sanin likita ba, saboda suna ɓata ƙodar tsoho kuma suna jawo gyambon ciki.

Yanzu ki tsaya a inda yake tsaye ki kalli wankan da idonsa. Dattijo ne da ya yi shekara sittin yana mai gida, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba su taɓa ganin tsiraicinsa ba. Ƙarfe shida na safe a cikin hunturun Jos, lokacin da ko matashi yake jin tsoron taɓa ruwa, sai wata yarinya sa'ar jikarsa, wadda bai tuna ya taɓa gani ba ko da jiya ita ta ba shi abinci, ta shigo ta yaye masa bargo ta fara cire masa wando. Wataƙila yanar ido ta hana shi ganin fuskarta sosai, kunnensa kuma ya yi nauyi bai ji bayanin da ta yi ba, in ma ta yi. Duk namijin da aka yi wa haka zai ɗaga sanda. Mu ne muke kiran abin duka, shi kuwa a saninsa kare mutuncinsa yake yi daga wadda ta zo tozarta shi.

Da zarar an fahimci haka, gyaran ba shi da tsada. A mayar da wankansa zuwa hantsi ko bayan azahar, lokacin da rana ta ɗumama ɗakin. A haɗa ruwan ɗumi da tawul da kayan sawa tun kafin a taɓa shi. Mai wankan ya zo ta gabansa, ya rusuna ya gaishe shi da sunan girman da aka saba kiransa da shi, ko Baba ne ko Alhaji ko Malam, ya jira ya amsa. A bar masa zane a ƙugu har a gama, a miƙa masa soso ya wanke gabansa da kansa, domin hannu yakan tuna abin da baki ya manta. Idan mai salla ne, a fara da cewa a zo a yi alwala, a wanke hannu da fuska da ƙafa yadda ya saba, daga nan sauran jikin yakan zo da sauƙi. Idan akwai hali, namiji ya riƙa yi wa maza wanka, ko da na wucin gadi ne da zai zo sau uku a mako. Kuma wanka da bokiti kullum ba farilla ba ne ga tsohon da ba ya fita ko'ina. Ana iya goge masa jiki da tsumma mai ɗumi, a tabbatar an tsabtace wurin fitsari da bayan gida da hammata, a bar cikakken wanka zuwa ranar da ya yarda. Idan ya ƙi, a fita a dawo bayan rabin awa, sau da yawa ma da wata fuskar daban.

Akwai wani abu da ya shafi garinmu musamman, wato harshe. Mai ciwon mantuwa yakan zubar da harsunan da ya koya da girma ya koma ga na goyo. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana ciniki da Hausa a kasuwar Taminus tana iya wayar gari Berom ko Ngas ko Fulatanci kaɗai take fahimta sosai, sai ma'aikaciya ta ɗauka taurin kai ne. Ki tambayi iyalan kowane tsoho harshen da aka yi masa magana da shi yana yaro, da sana'ar da ya yi, da abin da ya taɓa firgita shi. Da yawa daga cikin tsofaffin nan sun ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 da idonsu, wasu sun rasa gida ko ɗa, saboda haka ƙarar nokawut ta lokacin Kirsimeti, ko gudu da ihu a tsakar gida, yana iya mayar da su can.

Ita kuwa Mama mai kiran ɓarayi, abin da ke faruwa shi ne takan ɓoye kuɗinta ko carbinta a ƙarƙashin katifa, ta manta ta ɓoye, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da bayani mafi sauƙi, wato an sace. Musu da rantsuwa ba sa amfani, sai ma su ƙara tabbatar mata da zarginta. Ma'aikaciya ta ce, "Mama, bari mu duba tare," ta san wuraren ɓuyanta, ta bar ta ta gano abin da hannunta. Sai dai ke shugaba ki riƙa bincikawa a ɓoye, domin ana yin sata da gaske a irin waɗannan gidaje, kuma ba wanda ya fi sauƙin zalunta kamar wanda aka riga aka san ba a yarda da maganarsa. Ki kuma toshe bakin duk wanda ya fara raɗe-raɗin cewa tsohuwar mayya ce ko aljanu ne suka shige ta saboda tana surutu da magariba. Rikicewar almuru sananniyar alama ce ta wannan ciwo, takan zo idan haske ya ragu gajiyar yini ta taru, kuma kunna fitila da wuri da rage hayaniya sukan sassauta ta.

Ki ajiye littafi guda a teburin miƙa aiki. Duk sanda aka yi duka ko cizo ko zagi mai tsanani, a rubuta ƙarfe nawa ne, wa ke wurin, me ake yi kafin abin ya faru, da abin da ya kwantar da shi. Bayan mako biyu za ki ga zaren da kanki, kuma wannan littafin ya fi wa likita amfani fiye da a ce masa Baba ya cika faɗa. A lokacin da abin ke faruwa kuwa, ma'aikaciya ta ja da baya inda sanda ba ta kai wa, ta sassauta murya, kada mutum uku su taru a kansa, kuma a janye sauran tsofaffi daga wurin. Sandar ba a ƙwace ta gaba ɗaya tunda da ita yake tafiya, sai dai a jingine ta nesa kaɗan kafin a fara wanka. Wadda aka ciza ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ta ga likita a ranar idan fata ta fashe, domin cizon mutum yana saurin ruɓa, a kuma duba rigakafinta na tetanus da na ciwon hanta.

Game da allurar barci, ba zan ce ba a taɓa buƙatarta ba, amma ki san farashinta. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa sababbin magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, a 2008 kuma ta haɗa da tsofaffin magungunan irin su haloferidol. A Ingila, rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta cewa cikin kimanin mutum 180,000 da ake ba irin waɗannan magunguna, kusan 1,800 ne ke mutuwa a kowace shekara ta dalilinsu. Suna kawo shanyewar ɓarin jiki da faɗuwa da ƙwarewa wajen haɗiya, kuma akwai nau'in ciwon mantuwa da ake kira Lewy wanda allura ɗaya takan sandarar da mai shi. Dayazifam, wanda aka fi sani da Valium, yakan sa tsoho tangaɗi ya faɗi ya karya ƙugu, wani ma ya ƙara birkice shi. Idan an gwada sauran hanyoyi sun gaza, kuma akwai haɗari na gaske, likitan ƙwaƙwalwa ne zai rubuta mafi ƙanƙantar awo, na ɗan lokaci, tare da ranar da za a sake dubawa. Ɗaure tsoho a gado da zane ko igiya kuwa kada ki yarda a yi a gidanki. Yana ƙara firgici, yana kawo gyambo, har shaƙewa an sha yi, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana irin wannan wulaƙanci.

Sai ma'aikaciyarki, kuma a nan nake roƙon ki saurare ni da kyau. Abin da kika bayyana game da ita yana da suna a wurin masana, suna kiransa burnout da Turanci, wato ƙarewar ƙarfin zuciya saboda matsin aiki. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana shi a 1974 bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York, yadda waɗanda suka fi kowa himma su ne suke fara mutuwar zuciya, kamar fitilar da manta ya ƙare ta koma cin lagwaninta. Daga baya Christina Maslach ta nuna cewa abin yana da fuska uku: ƙarfin zuciya ya ƙare ƙaf, sa'annan mutum ya fara kallon waɗanda yake kula da su kamar kaya, daga ƙarshe ya ji aikinsa ba shi da wani amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin sabon kundinta na rabe-raben cututtuka a 2019, ta kuma bayyana shi a matsayin abin da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ba a magance shi ba. Fuska ta biyun ce ta fi ba ni tsoro. Ranar da kika ji ma'aikaciya ta daina cewa Baba ta koma cewa wancan mai cizon, ko na ɗaki na uku, to ta fara janye zuciyarta ne don ta tsira, kuma daga nan zuwa finciko da mari ba nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka tattara daga gidajen kula da tsofaffi, kusan biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun muzguna wa wani tsoho a cikin shekarar da ta gabata. Ba zai yiwu a ce dukansu mugaye ne tun asali ba.

Ki duba yadda abin ke zagayawa a gidanki. Mutum uku sun tafi, aikinsu ya faɗo kan waɗanda suka rage, kuma mafi nauyinsa kan wadda ta fi iyawa, domin kullum ita ake turawa ɗakin da kowa ke gudu. Mai tsofaffi bakwai da za ta wanke kafin karin kumallo ba ta da minti goman rusunawa da gaisuwa da jira, dole ta yi sauri, saurin ya firgita Baba, Baba ya ɗaga sanda, ita kuma gobe ta shigo ɗakin da ɗaurarren jiki da kakkausar murya. Mai ciwon mantuwa yana iya manta sunanki amma yana karanta fuska da murya sarai, sai ya ƙara shirin kare kansa.

Mun saba idan ma'aikaciya ta zo da shatar sanda a hannu mu ce mata ta yi haƙuri, tsoho ne, aikin lada ne. Gaskiya ne akwai lada, amma idan kullum da wannan kalmar ake rufe maganar, abin da take ji shi ne jikinta ba shi da daraja a gidan. Ga kuma nauyin tarbiyya, domin an raine ta a kan cewa ba a ɗaga wa babba murya, saboda haka tana jin haushin dattijon, tana kuma jin kunyar haushin, ba ta da wanda za ta gaya wa. Duk ranar da aka doki ma'aikaciya, ki zauna da ita a ranar, ki duba raunin, ki biya kuɗin maganin, ki ba ta hutun awa ɗaya ko na yinin, ki rubuta abin a littafi a gabanta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato NSITF, ke gudanarwa, ta shafi raunin da aka ji a bakin aiki, har da larurar damuwa da aiki ya jawo, kuma ya kamata gidanki ya yi rajista.

Sauran gyaran na jadawali ne da kuɗi. A riƙa karɓa-karɓa a ɗakuna masu wuya, mutum biyu su shiga wankan Baba, ɗaya yana hira da shi ɗaya yana aiki. Kada wadda ta yi aikin kwana ta zarce da na safe don wata ba ta zo ba, kuma ranar hutu ta zama hutu, ba a kira ta a waya. A ware rabin awa a mako ma'aikata su zauna su faɗi abin da ya dame su ba tare da an mayar da shi laifi ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ko da yake dokar ba ta tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wadda ke biyan kuɗin Keke daga Bukuru ko Rikkos kullum ta zo ta kwashe kashin wani tana lissafi da wannan adadin. Idan kuɗin da iyalai ke biya ba zai ɗauki isassun ma'aikata ba, gara ki rage yawan tsofaffin da kike karɓa. Game da horo kuma, ki tuntuɓi Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ke Abuja, wadda dokar 2017 ta kafa, ki kuma roƙi wata nas ta sashen ƙwaƙwalwa ta riƙa zuwa tana koya wa ma'aikatanki a gefen gado.

Maganar da ta yi ta cewa za ta rama ba abin wucewa ba ce. Ki kira ta ku biyu, ki gaya mata kin ji, ki gaya mata a fili cewa ranar da hannunta ya sauka a kan tsoho aikinta ya ƙare, sa'annan ki tambaye ta yaushe rabonta da barcin kirki. Ki ba ta hutun mako guda da albashinta, ki ɗauke ta daga ɗakin Baba na wata ɗaya. Idan ta ce ba ta barci, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili, ko tana jin gara ta mutu, wannan ya wuce gajiyar aiki, ki haɗa ta da likita. Idan kuwa bincikenki ya nuna ta riga ta doki wani ko ta hana shi abinci don horo, to sai sallama, kuma a sanar da iyalan wanda aka yi wa.

Mayar da Baba gida shi ne na ƙarshe a lissafina, domin yawanci hannun suruka ɗaya ko jika ɗaya zai koma, wadda ba ta da abokiyar karɓa-karɓa ko kaɗan, kuma sauyin wuri kansa yana ƙara ruɗa mai wannan ciwo. Abin da ya fi shi ne ki kira 'ya'yansa ki nuna musu littafin, ki nemi ɗaya daga cikin mazan ya riƙa zuwa ranar wanka, su kuma ɗauki nauyin ganin likita da na ƙarin ma'aikaci namiji. Inda zan ce ki sake shawara shi ne idan sandar ta fara sauka a kan sauran tsofaffi, waɗanda ba sa iya kaucewa kuma faɗuwa ɗaya takan karya su. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan gidajen tsofaffi goma a jihar New York ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na mazauna sun fuskanci muzgunawa daga wani mazaunin a cikin wata guda. Idan abin ya kai haka, ki raba masa ɗaki tun yau, ki sa ido a kansa lokacin cin abinci da magariba, sa'annan ki nemi likitan ya kwantar da shi a asibiti na 'yan kwanaki a daidaita shi kafin ku zauna da iyalansa ku yanke inda zai ci gaba da zama.